Gini Ba Ya Karɓar Haihuwa

Ƙaunatattu 'yan'uwa na ikilisiyoyin Yelwa, Wara, Shanga, Birnin Yawuri da Libata, da ku mazauna tungaye da gungunan bakin tafkin Kainji: A wannan fitowa mun ajiye labarin tarurruka a gefe, gama akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mun kuwa gaji da yin ta a wurin makoki kaɗai.

A daminar da ta wuce mun binne wata 'yar'uwa daga ɗaya cikin gungunan nan. Ba za mu faɗi sunanta ko sunan garinta ba, domin iyalinta suna cikin baƙin ciki har yanzu. Ta haihu a gida wajen tsakar dare, a hannun tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Yaro ya faɗo lafiya, mabiyiya ta fita, amma jini ya ƙi tsayawa. Mijin ya tashi mai kwalekwale, aka bi gida gida ana neman man inji, aka ƙetare ruwa cikin duhu, aka ɗora ta a babur wani yana riƙe da ita ta baya. Suka isa asibitin gunduma, gini mai sabon fenti, da babban allo a bakin ƙofa ɗauke da shekarar da aka gyara shi. Ƙofa a kulle. Maigadi ya ce ungozoma ɗaya ce tak a wurin, ta yi kwana huɗu ba ta sami barcin kirki ba, da yamma ta tafi gari wajen 'ya'yanta, gama babu ɗakin da za ta zauna da su a nan. Suka kama hanyar babban asibiti. A kan hanya rai ya yi halinsa.

A wurin jana'iza mun ji magana iri biyu. Waɗansu suka ce kwananta ne ya ƙare. Waɗansu suka zagi ungozomar, suka ce da ba ta bar wurin aikinta ba da hakan bai faru ba. Mu dai ba mu yarda a rufe maganar da ko ɗaya cikin biyun nan ba. Wanda ya gina asibiti ya sa mace ɗaya ta riƙe shi dare da rana, bai ba ta gidan kwana ba, bai biya ta abin da zai riƙe ta ba, shi ne ya kulle ƙofar nan, ko da yake ba shi ne ya juya mabuɗin ba.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA YI

Mako guda yana da awa 168. Ma'aikacin gwamnati yana aiki wajen awa 40 a mako. Idan ana so ɗakin haihuwa ya zauna a buɗe dare da rana, sai an sa aƙalla ungozoma huɗu, wannan ma ba a sa hutun shekara, ciwo, ko hutun haihuwar ita ma'aikaciyar a ciki ba. Naƙuda kuwa ba ta san ƙarfe huɗu na yamma ba. Duk asibitin da yake da ungozoma ɗaya, to, mafi yawan sa'o'in mako ba shi da kowa, ko kuwa yana da mace wadda gajiya ta gama da ita har hannunta yana rawa.

Abin da ya kashe 'yar'uwarmu, wato zubar jini bayan haihuwa, yana iya kashe mace mai lafiya cikin awa biyu. Maganinsa ba ɓoyayye ba ne, ba shi da tsada kuma. Akwai allurar oksitosin, akwai ƙwayar misofrostol, akwai murza mahaifa ta kan ciki, akwai ƙarin ruwa. Jijjiga, wadda take kama masu ciki da hawan jini, ita ma tana da allurarta ta magnesiyam salfet. A shekarar 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano tana cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni domin a ga yawan jinin da ta zubar da wuri, sa'an nan a ba ta dukan magungunan a lokaci ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ilimin nan a ƙasarmu aka gwada shi. Amma leda ba ta shimfiɗa kanta, allura kuma ba ta tsira kanta. Sai da hannun wadda ta koya, tana nan a farke sa'ad da aka kawo mace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka mutu haka a duniya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi haihuwa 3 ne kawai cikin 100 ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa, babu jihar da ta kai mu ƙasa. Binciken ya kuma nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 suna mutuwa kafin su cika shekara biyar, babu jihar da ta kai mu sama. Waɗannan lambobi mun san fuskokinsu.

"AI MATANKU NE BA SA ZUWA ASIBITI"

Duk lokacin da aka kawo maganar nan gaban manya, amsar farko ita ce al'ada. Sai a ce mutanen karkara jahilai ne, mazansu suna hana su, sun fi son tsohuwa da jiƙe-jiƙe. Ba mu musa cewa akwai wannan ba, muna kuwa faɗa da shi a cikin gidajenmu. Amma bari mu yi tambaya. Mace daga gungu ta biya kuɗin jirgi, ta biya kuɗin babur, ta bar gona da yara, ta je awo ta tarar ba kowa, ko ta tarar da mata sittin a layi gaban ma'aikaciya ɗaya. Ta koma wata na gaba ta tarar da haka. Ranar naƙuda da tsakar dare, me zai sa mijinta ya sa ta cikin kwalekwale a kan ruwan da ya cinye mutane da yawa, zuwa ƙofar da bai tabbata za a buɗe ba? Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, sa'ad da jirgin da yake ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Mutumin da ya ga wannan ba ya shiga ruwa da dare sai ya san akwai abin da yake jiransa a ƙetare.

A wuraren da aka sami ungozoma ta zauna shekara biyu ko uku, ta koyi gaisuwa da Kambarci ko Gunganci, ta san matan da sunansu, mun ga yadda benci yake cika ranar awo. Matan da ake kira jahilai su ne suke kai mata kifi da doya domin kada ta tafi. Saboda haka a daina ɗora wa matalauta laifin wurin da gwamnati ta bari fanko.

ABIN DA NAS TAKE KAIWA GIDA

Me ya sa ba sa zama? Sai mu dubi albashi. A Nijeriya nas uku da suka fito aji ɗaya, da takarda iri ɗaya, suna iya karɓar albashi iri uku. Wadda take asibitin Gwamnatin Tarayya tana kan tsarin CONHESS, wanda aka kawo a 2009. Wadda take asibitin jiha tana karɓar abin da jiharta ta yarda ta biya daga cikin tsarin. Wadda take ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wato wadda take can ƙarshen hanya inda aka fi bukatarta, ita ce a ƙasan tsani a yawancin jihohi. Duk wanda ya kafa tsani irin wannan kada ya yi mamaki in ya ga mutane suna hawa. Tafiyar da ake kuka a kanta ba daga filin jirgin sama na Legas take farawa ba. Tana farawa ne ranar da ungozoma ta nemi a ɗauke ta daga ƙauyen Ngaski a mai da ita Yelwa, daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi, daga asibitin jiha zuwa na tarayya, daga nan sai Abuja, sai Saudiyya ko Ingila, inda sabuwar nas take fara aiki da wajen fam 30,000 a shekara.

A 2019 aka sa mafi ƙarancin albashi naira 30,000, lokacin da dala take wajen naira 360. A watan Yuli na 2024 aka mai da shi 70,000, lokacin da dala ta haura naira 1,500. Lamba ta ninka fiye da biyu, amma abin da take saye ya ragu. Gwamna Nasir Idris ya amince da 75,000 a Kebbi a watan Oktoba na 2024, mun kuwa yaba masa, gama ya ɗara na tarayya. Duk da haka litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikaciyar da take riƙe gida biyu, ɗaya a wurin aiki ɗaya a gari inda 'ya'yanta suke makaranta, kuɗin mota kaɗai yana cinye mata babban rabo. Alawus na haɗarin aiki kuwa, wato ladan taɓa jini da zama da masu cuta mai yaɗuwa, ya tsaya a naira 5,000 a wata shekaru da yawa, har cikin annobar korona. Sai a ƙarshen 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa ma'aikatanta.

Ga kuma tsoro. Tun ranar 17 ga Yuni 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, har waɗansu 'yan mata ba su dawo gida ba sai 2023, wane uba ne zai ji an tura 'yarsa aiki wani ƙauye a wannan yanki ya yi barci? Ana tura yarinya 'yar shekara ashirin da biyu wurin da ba katanga, ba wuta, ba ruwan famfo, a ce ta kwana ita kaɗai. In ta gudu sai a ce ba ta da kishi.

Maganar wuta ma tana da ɗaci a bakinmu. Domin a gina madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu da gungunansu, kakannin da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda suna ciki. Ruwan da ya rufe gonakinsu da kaburburan iyayensu yana ba birane wuta fiye da shekara hamsin. Jikokinsu kuwa ana karɓar haihuwarsu da fitilar wayar hannu a cije a baki, allurar oksitosin da take bukatar sanyi tana lalacewa cikin zafin bazara domin firiji ba ya aiki.

AN TAƁA GWADAWA, AKA SAKI

Kada wani ya ce mana ba a san magani ba. A watan Disamba na 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da Shirin Hidimar Ungozomomi, wanda aka fi sani da MSS, ta hannun hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Dakta Muhammad Ali Pate, wanda ya zama Ministan Lafiya a 2023. An tura ungozomomi wajen 2,500 zuwa ƙananan asibitoci 652 na karkara, huɗu a kowane wuri, daidai da lissafin da muka yi a sama. Yarjejeniyar ta ce Tarayya za ta biya kowace naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 tare da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu alkawari ba. Ungozomomi suka yi watanni ba biya, ba gida, suka tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya. Aka sake kawo wani shiri a ƙarƙashin SURE-P a 2012, shi ma ya mutu a 2015.

Darasin a fili yake. Da aka yi alkawarin kuɗi da ɗaki, sun zo har ƙauyuka masu nisa. Da aka karya alkawari, sun tafi. Ruwa ba ya tsami banza.

Maimakon a koyi wannan darasi, sai aka nemi kulle ƙofa. A watan Fabrairu na 2024 majalisar da take kula da aikin nas da ungozoma ta ƙasa ta fitar da doka cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance takardunta domin fita waje. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Magatakardan majalisar a lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Lambar tana da ban tsoro. Amma a wannan lokacin akwai waɗanda suka gama makarantar jinya suna zaune a gida ba aiki, akwai kuma waɗanda suke yi wa asibitocin gwamnati aikin sa-kai shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Mun san su, waɗansu a mawaƙan ikilisiyarmu suke. Ƙasar da ba ta ɗauki waɗanda suke tsaye a ƙofarta ba, da wane baki za ta hana masu tafiya? A ƙarshen Yuli na 2025 nas-nas na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, suka janye ranar 2 ga Agusta bayan an yi musu alkawari. Cikin abubuwan da suka nema akwai ƙarin alawus na aikin dare da na kayan sawa, da kuma a ɗauki ƙarin ma'aikata da yawa. Mutumin da yake yajin aiki domin a kawo masa abokan aiki, ba kwaɗayi ne yake damunsa ba, kaya ne suka yi masa yawa.

NAMU LAIFIN

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka bari mu juyo kanmu. Mu ne muka fi kowa cewa aikin jinya kira ne. Gaskiya ne, tarihinmu ma ya shaida, gama tsofaffinmu suna tuna asibitin mishan na Tungan Magajiya, inda mutanen wannan yanki suka riƙa zuwa jinya, inda kuma 'ya'yan talakawa suka koyi aikin asibiti. Amma mun mai da kalmar nan sanda. In nas ta ce albashi bai isa ba, sai mu ce ladanta yana sama. In ta shiga yajin aiki, sai a yi mata gugar zana daga kan bagade. In ta sami aiki a waje, sai mu kira ta mai son duniya, sa'an nan mu aika mata da takardar neman gudummawar ginin majami'a. Mai kira ma yana biyan kuɗin makaranta, yana sayen masara a kasuwa ɗaya da mu. Duk sa'ad da muka ce mata ta yi haƙuri ba tare da mun ce wa gwamnati ta biya ba, mun taya mai danne hakki aikinsa.

Mun kuma san akwai nas masu tsawa, akwai masu karɓar kuɗin da bai kamata ba, akwai masu sunansu a takardar albashi amma ƙafarsu ba ta taɓa taka wurin aikin ba domin suna da uwa a gindin murhu. Ba mu kare waɗannan ba. A hukunta su. Amma wadda ta karɓi haihuwa biyar a dare ɗaya ita kaɗai, ta share jini da kanta, ta sayi safar hannu da kuɗinta, in ta ɗaga murya da asuba sai mu tambayi wanda ya bar ta ita kaɗai kafin mu zage ta.

"BABU KUƊI"

Wannan ita ce amsa ta ƙarshe, ita ce kuma mafi rauni. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, ta shafe shekarun nan tana yawo wajen kashi 4 zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, ta kuma keɓe kashi 10 cikin 100 na asusun domin ma'aikata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga Abuja kowane wata ya ƙaru ƙwarai. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Talaka ya biya farashin cire tallafi da cikinsa. Yana da iko ya tambayi inda rarar ta shiga.

Bari mu yi wani lissafi kuma. A ce an ba ungozoma 100 a Yawuri, Ngaski da Shanga alawus na zaman karkara naira 50,000 kowace a wata. Naira miliyan 5 ke nan a wata, miliyan 60 a shekara. A 2023 aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, kowace ɗaya ta haura naira miliyan 100. Kuɗin mota guda zai riƙe mata ɗari a bakin aikinsu fiye da shekara. Abin da ya sa aka fi son gini da fenti mun san shi. Gini yana da kwangila, yana da ranar yanke ƙyalle da ɗaukar hoto. Albashin ungozoma ba shi da ko ɗaya, sai dai mace ta koma gida da jaririnta a baya ba wanda ya ji labari.

Daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 200 ne. Matan da naƙuda ta daɗe musu har suka sami yoyon fitsari, can ake kai su cibiyar Gesse a yi musu aiki. Muna godiya da cibiyar. Amma da akwai ungozoma kusa da gida wadda za ta gane da wuri cewa haihuwar nan ba ta gida ba ce, da da yawa cikinsu ba su yi wannan doguwar tafiya cikin kunya ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa ne, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙungiyar ƙwadago. Ba ya bukatar a koya masa abin da albashi yake nufi ga ma'aikaci. Gare shi, da shugabannin ƙananan hukumomin Yawuri, Ngaski da Shanga, da 'yan majalisarmu, muna miƙa waɗannan:

1. A manna a ƙofar kowane asibitin gunduma sunayen muƙaman da aka amince masa da yawan ma'aikatan da suke nan a zahiri, domin jama'a su gani su kuma gane ma'aikatan bogi.

2. A ɗauki nas da ungozomomin da suka gama karatu suna zaune, da masu aikin sa-kai, har kowane asibitin da ake karɓar haihuwa ya sami huɗu.

3. A daidaita albashin ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma da na jiha, a kuma sa alawus na zaman karkara mai kauri, wanda yake ƙaruwa bisa ga nisan wuri, a biya shi ga wanda yake kwana a wurin kaɗai.

4. Kada a ƙara yanke ƙyallen wani asibiti sai yana da gidan ma'aikata mai katanga, da rijiyar burtsatse, da wutar sola. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun ruwa suka shafa, ta sa wannan cikin ayyukanta, tare da jirgin ɗaukar marasa lafiya domin mutanen gungu.

5. A ɗauki 'yan matan wannan ƙasa, Kambari, Gungawa, Shangawa, Lopawa, Dukawa, Hausawa da Fulani, a kai su makarantar jinya ta Birnin Kebbi da kuɗin gwamnati, da sharaɗin su dawo garinsu aiki, da takardar ɗaukar aiki a hannu ranar da suka gama. An yi irin wannan a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe daga 2012 a ƙarƙashin shirin W4H, inda aka riƙa ba 'yan matan karkara shekara guda ta share fage domin su cika sharuɗɗan shiga. Yarinyar da uwarta take gungu ba za ta ji tsoron ruwa ba, ba ta kuma bukatar tafinta.

Namu aikin kuma ga shi. Kowace ikilisiya ta aiki mutum biyu, namiji da mace, su je asibitin da ya fi kusa da su, su gai da ma'aikata da ladabi, su rubuto mutum nawa suke aiki a wurin, nawa suke kwana, akwai wuta ko babu. A kawo mana kafin taron gunduma mai zuwa domin mu haɗa. Zumuntar mata ta duba yarinya ɗaya mai ƙoƙari a darussan kimiyya, ta tsaya mata har ta gama sakandare. Inda ungozoma ba ta da masauki, a ba ta ɗaki kafin gwamnati ta farka. Kada kuma mu tafi mu kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zubar jini ba ta tambayar mace inda take sujada, maƙwabtanmu Musulmi sun binne nasu kamar yadda muka binne namu. A nemi limamai da hakimai da sarakunan ruwa, a rubuta takarda ɗaya, a kai ta fadar Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, a roƙe shi ya isar da ita inda za a ji.

Masu neman ƙuri'a za su sake zuwa da shinkafa da atamfa. In sun zo, a ba su wurin zama, a ba su ruwa, sa'an nan a tambaye su ungozoma nawa ce za ta kwana a asibitin gundumarmu, nawa za a biya ta, a wane ɗaki za ta kwana. A rubuta amsarsu da kwanan wata, a ajiye.

Yaron da 'yar'uwarmu ta bari yana hannun kakarsa, ya fara rarrafe. Ungozomar nan kuwa mun ji ta nemi canjin wurin aiki, an kuma ba ta. Har ranar da muke rubuta wannan ba a turo wata ba. Ku riƙa tunawa da iyalin nan, da dukan ma'aikatan da suke tsaye su kaɗai cikin dare a bakin tafkin nan. Ku karanta wannan takarda a gaban jama'a, ku fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa sosai.